Sikelin Auduga da Jujin Kamfani: Tarihin Shara da Lissafinta a Ƙasar 'Yankara da Kewaye

Gabatarwa

Ƙasar da ta haɗa 'Yankara da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara tana cikin yankin da magabata ke kira Katsina-Laka, wato kudancin ƙasar Katsina, inda ƙasa take da nauyi, ruwan sama kuma ya fi na arewa yawa. Garin 'Yankara yana kan hanyar da ta tashi daga Funtuwa zuwa Gusau, dab da iyaka da ƙasar Tsafe ta Jihar Zamfara. Tun kafin zuwan Turawa an san wannan yanki da noman auduga da dawa, da saƙa da rini, musamman ta wajen Maska. Wannan albarka ce ta jawo kamfanonin Turawa, su kuma suka zo da sikeli da littafin lissafi.

Manufar wannan maƙala ita ce a bi tarihin wani ɓangare na wannan hulɗa wanda ba a cika waiwayarsa ba, wato abin da ke saura bayan an sarrafa amfanin gona ko ma'adini: wa ke ɗaukarsa, me ake yi da shi, kuma wa ke lissafa shi. A yau manyan kamfanoni suna buga rahoto duk shekara, suna bayyana yawan sharar da suka tara da kason da suka ceto daga cikinta. Ana kiran wannan rahoton ɗorewa. Abin da na fahimta daga tarihin yankinmu shi ne, shekara ɗari ke nan ana auna abin da kamfani ya ɗauka daga wurinmu, amma abin da ya bari bai taɓa hawa sikeli ba. Malaman makaranta da dattawa, waɗanda su ne idon gari, ya kamata su san yadda aka yi haka ta faru.

Yadda Sana'o'in Gargajiya Suka Riƙa Cinye Shararsu

Kafin injin gurza ya zo, audugar manomi a cikin gida take ƙarewa. Mata ne ke gurza ta a kan dutse da ɗan sandan ƙarfe, su raba ta da gurya, su shiɓe ta da baka, su kaɗa zare da mazari. Allin da mai kaɗi ke shafawa a yatsa daga ƙashin da aka ƙona ake samunsa, ƙashin kuwa daga mahauta ya fito. Guryar da aka fitar kashi uku ake yi mata: a ajiye iri, a ba shanu da tumaki, a daka saura a tace a yi miya.

Haka abin yake a marina. Idan baba ya gama aiki a karofi, ana kwashe katsin da ya kwanta a ƙasa, a shanya, a ƙona. Magina su haɗa shi da gashin da majema suka kankare daga fata da ruwan dafara, a sami laso, wanda ake shafe cikin karofi da rufin soro da shi don kada ruwa ya ratsa. Ɓawon ɗorawa ya zama makuba ta daɓe da shafen bango. Tunkuzar gyaɗa ta zama ƙuliƙuli, dusa da harawa na dabbobi ne, kara na danga da girki, tokar murhu kuma ta koma marina ko a tace ta a yi sabulu. Abin da ya rage bayan duk wannan shi ke zuwa juji, da bazara kuma a kwashe jujin a mangala, jakuna su kai gona.

Ba ina nufin garuruwanmu na da ba su san ƙazanta ba. Warin majema da na marina shi ya sa ake ware su a gefen gari, kududdufai kuma sun sha jawo cuta. Abubuwa biyu ne suka sa sharar wancan zamani ba ta taruwa. Na farko, kusan dukkanta daga tsiro ko dabba ta fito, ƙasa na iya cinye ta. Na biyu, mai sana'a da wanda zai amfana da ragowarsa a gari ɗaya suke, sun san juna. Ba a rubuta komai ba, domin ido ya isa shaida.

Zuwan Kamfani da Sikeli

A shekarar 1902 masu masaƙun Ingila suka kafa ƙungiyar BCGA a birnin Mancesta, domin su sami auduga daga ƙasashen da Ingila ta mallaka, su rage dogaro da ta Amurka. Arewacin Nijeriya na cikin wuraren da suka fi sa wa rai. A 1912 aka shigo da irin audugar Amurka da ake kira Allen, wadda silinta ya fi na audugarmu ta gargajiya tsawo. Cikin shekarun 1920 aka buɗe gonar yaɗa iri a Daudawa, wadda a yau take cikin Ƙaramar Hukumar Faskari, aka kafa injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi da Gusau, aka kuma shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta bi ta Funtuwa da Gusau, ta isa Ƙauran Namoda a 1929. Har yau sunan BCGA bai ɓace daga bakin mutanen Funtuwa ba.

Daga nan tsarin ya canza gaba ɗaya. Ana raba iri kyauta ta hannun hakimai da dagatai. Bayan kaka a buɗe kasuwar auduga, malamin auduga ya duba, ya yanka mata lamba ɗaya ko biyu ko uku, a ɗora a sikeli, a rubuta, a biya. A 1949 aka kafa hukumar cinikin auduga ta ƙasa, a 1954 kuma aikin ya koma hannun hukumar cinikin amfanin gona ta Jihar Arewa, wadda ke yanke farashi tun kafin a buɗe kasuwa. Na riski ƙarshen wannan zamani ina yaro, a farkon shekarun 1970, lokacin da mukan raka iyayenmu da jakuna. Abin da ba na mantawa shi ne yadda ake tsantseni a kan awo, domin ko rabin laba ba a yarda ya wuce ba a rubuta ba.

Akwai wata doka ta wancan zamani da ta shafi ragowar gona kai tsaye, wato tilasta wa manomi ya tuge karan auduga ya ƙone bayan ya gama tsinka, domin tsutsar da ke cin ƙwallon auduga kada ta sami mafaka har damina. Dokar tana da amfani, amma mai karatu zai lura cewa an kula da wannan shara ne saboda tana iya rage abin da zai hau sikeli baɗi.

Gurya: Daga Juji Zuwa Dukiya

Idan aka gurza auduga, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai na nauyinta ke zama silin da masaƙa ke so. Ragowar, wajen kashi biyu cikin uku, gurya ce da ɗan datti. Ma'ana, mafi yawan abin da jakin manomi ya ɗauko zuwa kasuwa ba shi ne abin da kamfani ya zo nema ba. Amma da zarar an biya kuɗi, guryar ta bar hannun manomi ta zama ta mai saye.

Wannan matsala ba a kanmu aka fara ta ba. A kudancin Amurka, a ƙarni na 19, gurya ta zame wa masu injin gurza kaya, suna jibge ta tana ruɓewa ko su zuba ta a kogi, har Jihar Misisipi ta yi doka a 1857 ta hana hakan. Da aka gano yadda ake matse ta a tace man, sai abin da ake biya a kwashe ya zama abin da ake biya a saya. A lissafin masu matsa, gurya takan ba da mai kimanin kashi 16 cikin 100, tunkuza kusan rabi, sauran kuma ɓawo ne da gajeren gashin da ke manne da ita. Tunkuzar tana ƙosar da shanu, sai dai tana ɗauke da wani sinadari da kaji ba sa jure shi da yawa.

A ƙasarmu, bayan an ware iri, an daɗe ana loda guryar a jirgi ana fitar da ita waje, a can a matse ta, ribar ta zauna can. Sai daga baya aka kafa kamfanin matse gurya a Funtuwa, aka kuma buɗe masaƙar Funtuwa a ƙarshen shekarun 1970, bayan ta Kaduna da ta fara aiki a 1957. A wannan ɗan lokaci ne auduga ta kusa komawa yadda take a da, wato a noma ta, a gurza, a saƙa, a matse gurya, masu kiwo su sayi tunkuza, duk a cikin yanki ɗaya. Da aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona a 1986, shekara ɗaya kafin a ƙirƙiro Jihar Katsina, tsarin raba iri da tantance lamba ya watse, masaƙun Arewa kuma suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, musamman daga ƙarshen shekarun 1990.

Darasin gurya shi ne, kalmar shara ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Abu yakan zama shara ne a idon wanda bai san amfaninsa ba, ko wanda kai shi inda ake bukatarsa zai ci masa kuɗi. Ranar da ya yi daraja kuwa, nan da nan ake samo masa sikeli.

Sharar da Ƙasa Ba Ta Ci

Daga shekarun 1980 zuwa 1990 wata irin shara ta shigo wadda juji bai san ta ba. Leda ta maye gurbin ganye da ƙwarya, ruwan leda ya cika kasuwanni da tashoshin mota, buhun roba ya kori buhun ashasha. Duk wanda ya ratsa kasuwar 'Yankara ko ta Sheme ko ta Ɗandume bayan an watse ya ga abin da nake faɗa. Takin juji da ake kaiwa gona yanzu sai an tsince shi, mahauta kuma sun saba ciro dunƙulen leda daga tumbin saniya. Ita kanta auduga ba ta tsira ba, domin zaren buhun roba da ke shiga cikinta ba ya kama rini, yana ɓata yadi, wannan kuma ya daɗe yana rage darajar audugar Nijeriya a wurin masu saye.

Wadda ta fi tayar mini da hankali ita ce robar maganin feshi. Yankinmu ya zama na masara da waken suya, kusan kowane manomi yana sayen maganin ciyawa. Robar da aka juye takan koma gida, a zuba ruwan sha ko man gyaɗa, ko yara su yi wasa da ita. Ka'idar masana ita ce a ɗauraye ta sau uku, a juye ruwan a tankin feshi, a huda ta don kada a sake amfani da ita, sannan a tara a mayar. Amma a mayar wa wa? A bincike guda da aka buga a 2017, an ƙiyasta cewa kimanin kashi 9 cikin 100 ne kacal na sharar robar da duniya ta tara aka sake sarrafawa. Ɗan abin da ake cetowa a wurinmu kuwa 'yan gwangwan da 'yan jari-bola ne ke yin sa, su tara ƙarfe da dalma da roba mai kauri a kai Kano, kuma sunansu ba ya cikin littafin kowa.

Ma'adinai ma suna da tasu ragowar. An san ƙasar Ƙanƙara da farar ƙasa, wadda ake amfani da ita wajen fenti da takarda da tangaran da haɗa magunguna. Kafin ta yi fari tas sai an raba ta da yashi da tsakuwa, kuma inda aka haƙo ta rami ne ke saura, ya cika da ruwa da damina. Dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa mai lasisi ya gyara wurin da ya haƙa, ya kuma ƙulla yarjejeniyar ci gaba da al'ummar wurin. Mutane da yawa ba su san suna da wannan haƙƙi ba.

Abin da ya faru a maƙwabtanmu ya isa ishara. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, inda ake niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Ƙurar da ta saura bayan an cire zinariya ta kashe yara fiye da 400. Sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zubo sabuwa, aikin Bagega ma bai samu ba sai a 2013. An auna zinariyar har ƙwayar ƙarshe, ƙurar kuwa ba wanda ya tambayi inda ta tafi. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Yadda Doka da Rahoto Suka Samo Asali

A zamanin En'e, tsabta aikin duba-gari ne, shi kuma gidan talaka yake shiga ya leƙa randa da masai. Gangamin tsabtar muhalli na 1984 da 1985 shi ma kan magidanci da ɗan kasuwa ya faɗa. A ofisoshin da na yi aiki na ga tsofaffin fayiloli masu ɗauke da adadin audugar kowace kasuwa, da na haraji, da na jangali, shekara bi shekara. Ban taɓa cin karo da shafi ɗaya da ya nuna yawan abin da wata masana'anta ta zubar ba.

Abin da ya farkar da gwamnati shi ne al'amarin Koko na 1988, lokacin da aka gano fiye da tan 3,000 na shara mai guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a wannan ƙaramin gari na tsohuwar Jihar Bendel. A shekarar aka yi doka mai lamba 42 a kan shara mai cutarwa, aka kafa hukumar kare muhalli ta FEPA. A 1992 aka wajabta binciken tasirin manyan ayyuka ga muhalli kafin a fara su. An kafa Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya a 1999, sai hukumar NESREA a 2007. A fagen duniya kuma an ƙulla yarjejeniyar Basel a 1989, ƙasashen Afirka suka yi tasu a Bamako a 1991.

Shi kuwa rahoton ɗorewa daga wajen masu zuba jari da masu fafutukar muhalli ya taso. An kafa ƙungiyar GRI a Amurka a 1997, ta fitar da ka'idojinta na farko a 2000. Ka'idarta ta 2020 a kan shara ta nemi kamfani ya faɗi abu uku da nauyinsu: abin da ya tara, abin da ya ceto ta hanyar sake amfani ko sake sarrafawa, da abin da ya binne ko ya ƙone. A Nijeriya, Babban Banki ya fitar da ka'idojin ɗorewa ga bankuna a 2012, na kasuwar hannun jari suka fara aiki a 2019. Bayan fitowar sababbin ka'idojin duniya a 2023, hukumar kula da rahoton kuɗi ta ƙasa ta tsara cewa za su zama tilas ga manyan kamfanoni daga 2028, ƙanana kuma daga 2030. Haka nan NESREA ta ɗauki manufar cewa wanda ya ƙera kaya ko ya shigo da su yana da alhakin kwashe ragowarsu bayan an yi amfani da su.

Yadda Za a Karanta Adadin da Aka Ceto

Lissafin ba shi da wuya, ɗan aji shida zai iya yin sa. A misali, idan kamfani ya tara shara tan 100, ya sayar ko ya sake sarrafa tan 70, sai ya ce ya ceto kashi 70 cikin 100. Inda gizo ke saƙa shi ne abin da aka sa a cikin ɗarin da abin da aka bari a waje.

Mu koma ga injin gurza. Idan mai injin ya lissafa gurya a matsayin shara, zai iya cewa ya ceto kusan komai, alhali kayan sayarwa ne kawai ya sayar, ƙurar da maƙwabta ke shaƙa kuma ba ta da nauyin da za ta motsa adadin. Haka mai maganin feshi zai iya nuna harabar masana'antarsa fes, domin robar da ke yawo a Sabuwa ta bar littafinsa tun ranar da dila ya biya. Wani kuma da zarar motar ɗan kwangila ta fita ƙofa sai ya rubuta an ceto, ko da bayan gari aka juye. Sannan guba ba da nauyi take aiki ba, cokali ɗaya nata ya fi tan ɗari na ɓawon gyaɗa illa. Saboda haka duk wanda aka nuna wa irin wannan rahoto ya tambaya: me aka lissafa a matsayin shara, a ina lissafin ya tsaya, wa ya karɓi abin da aka ce an ceto, kuma wane ne daga waje ya tabbatar da awon?

Kammalawa

Rashin tsaro da ya addabi Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara a shekarun nan ya sa wasu za su ga maganar shara ba ita ce a gaba ba, kuma suna da hujja. Sai dai zaman lafiya zai dawo da masu neman auduga da masara da farar ƙasa, kuma sharuɗɗan da aka gindaya a ranar farko su ake zama da su shekara da shekaru. Rahoton ɗorewa da Turanci ake rubuta shi, a Legas ake buga shi, domin masu hannun jari. Mafi yawan masu haƙa da masu sarrafawa a yankinmu ma ba su kai girman da za a nemi rahoto daga gare su ba. Don haka idan mutanen gari ba su tambaya ba, babu mai tambaya.

Ina ba da shawara ga hakimai da dagatai da dattawa, duk wanda ya zo neman fili don inji ko haƙa, a sa a rubuce, da Hausa, abin da zai riƙa zubarwa, da inda zai kai shi, da wanda zai cike rami idan ya tashi. Dilolin maganin feshi a nemi su ajiye buhun karɓar robar da aka huda, su mayar wa kamfanonin da suka ba su kaya. Ga malamai kuma, akwai darasin da ba ya bukatar kuɗi: a aro sikeli a kasuwa, ɗalibai su tara sharar makaranta ta mako ɗaya, su ware mai ruɓewa da leda da ƙarfe, su auna kowace, su fitar da kaso cikin ɗari, a rubuta a littafi a ajiye. A kuma tura su wurin tsofaffin marina da magina da matan da suka yi kaɗi, su rubuto yadda ake yin laso da makuba da miyar gurya tun masu sanin suna raye. Yaron da ya taɓa auna sharar makarantarsu da hannunsa, idan ya girma aka miƙo masa rahoton kamfani, zai san shafin da zai fara buɗewa.